Sunaye Bakwai a Cikin Silin

Shekarar da muka canza rufin gidanmu na Zango a Lome, Baba ya cika shekara biyu da ciwon da ya shanye masa ɓarin hagu ya kuma rage masa gani. Ni ce a gidan tare da shi. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure, ƙannena maza biyu kuwa ɗaya yana Kwatano ɗaya yana Turai, kuma dukkansu sun ƙware a jinyar waya. Su suka yanke shawarar a cire tsohon kwanon kafin babbar damina ta sauka. Ban yi musu gardama ba, don ni ce mai yawo da robobi ɗaki-ɗaki duk sanda hadari ya haɗu. Kwanon ya ci tsatsa har ya ƙoshi, in ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga kai sai ka rantse manja aka shafa masa.

Kafintan da aka samo dattijo ne, ɗan ƙabilar Ewe daga unguwar Adakpame, mai furfura a gira da fensir a bayan kunne. Ya daɗe yana aiki a gidajen Zango, ya tsinci Hausa irin wadda ba ta raba mace da namiji. Ranar Laraba ya zo ya auna, ya zagaya gidan sau biyu, sannan ya tsaya a ƙofar falon Baba ya nuna sama da tsinin fensirinsa.

"Hajiya, Litinin za mu buɗe. Komai da ke cikin filafon kai sauke shi kafin nan. Mutanena in sun hau ba su san mai kyau ba su san mara kyau ba, duka ƙasa za su jefa."

Filafon shi ne silin a bakin mutanen Lome. Gidanmu dogon gini ne, ɗaki huɗu a jere, kuma tsakanin katakon silin da kwano akwai fili wanda mutum zai iya rarrafe a ciki, a tsakiya ma har ya zauna in ya sunkuyar da kai. Ƙofar wurin ɗaya ce, 'yar murabba'i a kusurwar falon Baba. A unguwarmu ba a yarda da ƙasa. In kogi ya cika, ruwa yakan shigo ɗaki har gwiwa, na sha ganin tabarmi da takalma suna yawo a tsakar gida. Saboda haka duk abin da mutum yake ji da shi sama yake kai shi. Tun lokacin da aka tashe mu daga tsohon Zango na cikin gari aka kawo mu nan, ina 'yar ƙarama, Baba ya hau da kansa ya rataye gafakar mahaifinsa a jikin wani katako, daidai saman gadonsa.

A cikin gafakar nan ta fata akwai kundin Kaka, takardu ne warwara waɗanda ya rubuta da alƙalamin kara, yawancinsu addu'o'i. Amma takardar farko ba addu'a ba ce. Sunayen iyayenmu maza ne guda bakwai, daga shi Kaka a koma baya, a wuce wanda ya baro arewa da fataken goro bai sake komawa ba, har zuwa mutanen da kaburburansu suke can inda babu ɗayanmu da ya taɓa takawa. Baba ya haddace su tun yana yaro. Kowace safiya bayan sallar asuba yakan zauna a kan buzunsa ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya roƙa masa gafara da sunansa. Haka mahaifinsa yake yi, haka shi ma ya yi shekara da shekaru. Mu yara muna jin muryar tana fitowa ta taga yayin da muke wanke-wanke ko neman takalmin makaranta, ba mu taɓa tsayawa mun saurara ba, kamar rediyon maƙwabta.

Da ciwon ya same shi, bakinsa ya dawo bayan wata uku, amma sunayen ba su dawo duka ba. Yakan kira na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, sai ya tsaya. Ya koma farko da sauri kamar mai son ya yi tsalle ya haye, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wata safiya na shiga da kokonsa na same shi yana hawaye ta ido ɗaya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kama shi a bakinsa ba. "Mutum uku na can suna jira, ni kuwa na ɓatar da su. A sauko mini da kundin nan."

Na ce to. Wannan "to" ɗin sai da ya shekara biyu. Ba zan ɓoye ba. Ina da rumfar atamfa a babbar kasuwa, ina fita da sassafe in dawo jikina kamar an yi mini duka. Ba mu da tsani. Ƙofar silin fenti ya liƙe ta. Ina tsoron kunama, kuma ina ganin hawa sama aikin maza ne, ga shi Allah ya ba Baba maza har biyu. Shi kuma ya ƙi yarda wani bare ya taɓa gafakar, ya ce sai jininsa, kuma sai mai alwala. Na Kwatano ya ce in ya zo sallah zai hau, ya zo ya ci nama ya koma. Duk sanda Baba ya tuna mini sai in ce, "Ai yana nan, Baba, ina za shi? Ranar da za a canza kwano a sauko da komai gaba ɗaya." Daga baya ya daina tambaya, ni kuwa na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini.

To ga ranar ta zo. Asabar da safe na hana kaina kasuwa. Kafinta ya iso da tsani a kan babur tun rana ba ta yi zafi ba, ya sa wuƙa ya yanke fentin da ya liƙe ƙofar, ya tura ta sama da kafaɗa. Ƙura ta zubo masa a ka. Ya dube ni, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, na ɗaura zani a kan tsohon wandon mijina, na naɗe kai da tsumma.

"Hajiya, kai ne za ka hau? Bari ni in hau, minti goma na gama."

Baba yana zaune a kujerarsa, sanda a tsakanin ƙafafu. Ya ce, "Malam kafinta, ba raini ba ne. Akwai sunan Allah a wurin nan. Ita ta yi alwala."

"Dakor, Papa," in ji shi, wato ya yarda, ya cire hularsa ya riƙe tsanin da hannu biyu.

Na yi bisimilla na hau. Gwiwoyina suna ƙara. Da na cusa kai ciki, zafi da wari suka tare ni, warin fitsarin ɓera da tsohuwar takarda. Haske yana shigowa ta hujojin kwano siri-siri, sun fi a ƙirga, sai a lokacin na ga irin rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa. Kafinta yana ta yi mini kashedi daga ƙasa, in taka kan manyan katakai kawai, in na taka falanki zan faɗo ɗaki ba sallama. Na kunna tocila na haska hagu, wajen ɗakin mahaifiyata, sai na ga tudu.

Takardu ne, tari guda, sun kusa taɓa kwano. Na san ko na waye tun kafin in matsa. Mma, Allah ya jiƙanta, ta rasu shekara huɗu kafin wannan rana. Ba ta yi karatu ba, iyakarta abin da za ta yi sallah da shi, amma tana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta san ta da ita. Ba ta tsallake takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko a tsakiyar titi ne, ko 'yan babur suna yi mata ihu, sai ta sunkuya ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta kai goshi, ta soke a gefen zani. In ta dawo gida ta hau kan turmi ta tura ta wata kafa da ke kusurwar silin ɗakinta. Kayan da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa kuwa rabinsu da Larabci a jiki, kuma shagunan 'yan Nijar da 'yan Mali cike suke da su. Mun sha tsokanarta. "Mma, wannan fa kwalin shayi ne. Wannan kuma cewa aka yi a ajiye a wuri mai sanyi." Sai ta harare mu ta ce, "Ni na san shayi? Harafin dai na Allah ne, ba za a taka shi ina gani ba."

Ga su nan duka, shekara talatin na sunkuyon Mma. Kwalayen shayi, takardun sukari, ledojin dabino da na biskit, takardar gwangwanin kifi, a tsakaninsu kuma shafukan littattafan yaran makarantar allo da suka yage, da kalandun masallaci. Wasu ledojin har yanzu suna danƙo. Ko'ina kashin ɓera ne baƙi-baƙi. Na durƙusa a gaban tarin nan na ji kewarta ta kama ni, don kowace takarda sai da ta taɓa goshinta. Na soma cusawa a buhu ina miƙa wa kafinta. Shi kuma yana karɓa da hannu biyu, yana jerawa a kan tabarma, bai ajiye ko ɗaya a ƙasa ba. Buhu biyar na cika.

Da gangan na fara da wannan ɓangaren. Ina jin Baba yana gyaran murya a ƙasa, na san abin da yake jira, amma wani abu a jikina ba ya son in juya dama. Na sauko da tsohuwar fitilar ƙwai, da akwatin ƙarfe mai kwanukan auren Mma, da wata laima da ba ta da rufi. Sai da babu sauran abin fakewa sannan na rarrafa wajen saman gadonsa.

Ƙusar tana nan a jikin katako, da guntun igiyar fata yana lilo. Gafakar tana ƙasa a kan falanki, kife. Na ɗauka na ji ba ta da nauyin da ya kamata. A kusurwarta ta sama akwai rami wanda yatsu uku za su shiga. Na kwance maɗaurin, na buɗe, na haska.

Babu takarda ko ɗaya cikakkiya. An mayar da kundin Kaka ɓarɓashi, an tattara shi an yi gado mai laushi, kuma a tsakiyar gadon ga jariran ɓera biyar, jajaye, ba gashi, idonsu bai buɗe ba, suna motsi a hankali. Na daɗe ina kallonsu. Bakin takardun inda aka ɓantara fari ne tas, ƙura ba ta hau shi ba. Ba na buƙatar malami ya fassara mini wannan.

Farkon abin da na ji haushin Mma ne. Wallahi har na buɗe baki na ce, "Kin gani ko? Kin tara musu sukari, kin kira su." A cikin silin, gumi yana shiga idona, ina faɗa da matar da ke kabari. Amma ledojinta sun shekara talatin a wurin kundin yana rataye lafiya. Na zauna a kan katako na rungume gafakar, na yi kuka ba sauti don kada ya ji.

"Uwata," muryarsa ta taso ta ƙofar silin. "Kin gan shi?"

Ƙarya iri biyu ta zo mini a lokaci ɗaya. In ce ban gan shi ba, wataƙila wani ya taɓa hawa. Ko in sauko in ce rubutun ya dushe, in nemi sunaye uku irin na mutanen da, in karanta masa, tunda ba ya gani. Na biyun ta fi jan hankalina. Zai samu natsuwa, zai kira bakwai gobe da asuba. Sai na tuna wa zai kai wa sunayen, a gaban wa zai kira su, na fasa.

"Ina zuwa, Baba," na ce.

Na juye jariran a wani gwangwanin madara na miƙa wa kafinta, ya leƙa ciki, ya fita da shi. Na sauko da gafakar a rataye a wuyana. Na durƙusa a gaban Baba na ɗora masa ita a cinya.

Ya shafa fatar da hannunsa mai lafiya, fuskarsa ta saki, har ya yi ɗan murmushi da rabin bakin da ke motsi. Ya ce, "Ita ce." Sannan ya tura hannu ciki. Na ga yatsunsa sun tsaya. Ya damƙo ɓarɓashin ya fito da shi, ya murza, ya kai hanci. Wasu guntaye suka zubo a kan rigarsa, na yi maza ina tsincewa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa sau uku, a hankali. Sannan ya ce, "Me ɓera ya zo nema a wurin da babu hatsi?"

Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Takardun Mma ne, Baba. Duk ledojin sukari da dabino ta tara a can. Buhu biyar na kwaso, ga su nan." Gaskiya na faɗa, amma na san dalilin da ya sa na yi saurin faɗarta.

Ya juya kai wajen buhunan kamar yana ganinsu. "Na san tana sawa," ya ce. "Ina jin ƙarar turmin in ta ja shi. Sau ɗaya na so in hana ta, sai na ga me zan ce mata? In ce ta bar girmama abin da take girmamawa? Allah ya kai haske kabarinta. Ita dai da niyya mai kyau ta tafi."

Kafinta ya dawo yana goge hannu a wando. Mutumin kirki ne, so yake ya ce wani abu da zai rage zafi. Ya sunkuya ya duba ramin gafakar ba tare da ya taɓa ba, ya girgiza kai.

"Ah, Papa, rashin sa'a ne kawai. Wannan sabon aiki ne. Ɓeran nan ko wata biyu bai yi da shiga ba. Da an sauke shi bara, babu abin da ya same shi."

Ban ɗaga kai ba. Na ji Baba ya juyo da fuskarsa gare ni, na ji ta a bisa kaina kamar rana. Na jira. Mutum ne mai faɗa a zamaninsa, ya taɓa korar ƙanena daga gida kwana uku a kan sallar asuba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya ce, "Tashi ki wanke jikinki, Uwata, kin sha ƙura."

Yinin ranar da safiyar Lahadi a kan faifai na yi su. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na zazzage gafakar, na zauna ina tsinta kamar mai tsintar shinkafa. Na yi makarantar allo kafin ta boko, ina iya haɗa baƙi in an ba ni lokaci. Guntu mafi girma bai kai tafin hannun jariri ba. In na samu mai kalma cikakkiya sai in karanta wa Baba, ya ce wannan daga addu'ar tafiya ne, wannan ta ciwon kai ce. Takardar sunayen ita ce ta farko, daidai bakin ramin, ita aka fara ci. Na kira na Kwatano ko ya riƙe wani abu, ya ce shi iyakarsa Kaka. Na Turai ya ce in ɗauki hoton guntayen in tura masa, akwai na'urar da ke haɗa irin wannan. Na ce masa ya zo ya ɗauka da kansa, na kashe wayar. Ba shi ya yi mini laifi ba, amma shi ne a kusa da bakina.

Bayan azahar limamin masallacinmu ya shigo, ya sa tabarau ya duba faifan na ɗan lokaci, ya cire. Ya ce wa Baba Allah ya san su ko ba a kira suna ba, addu'a ba ta ɓata hanya. Baba ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya san su. Ni ne ban sani ba." Liman ya koma kan maganar takardun. Ya ce abin da ya dace a kai takardun maƙabarta a binne a gefe, inda ƙafa ba ta bi. Na tambaya ko in ware kwalayen shayi da ledoji in ƙone, a kai masu sunan Allah kawai. Baba ya ɗaga hannu.

"A haɗa duka. Ita ba ta ware ba, ke ma kada ki ware. A sa na mahaifina a ciki."

Na juye ɓarɓashin a farin ƙyallen na ƙulle, na sa a bakin buhu na biyar na ɗinke. Bayan la'asar maza uku daga masallaci suka zo da amalanke. Mata ba sa bin irin wannan tafiya, saboda haka a ƙofar gida na tsaya ina kallo har suka sha kwana wajen mai gyaran babur. Gafakar Baba ya hana a tafi da ita, ya sa na ajiye masa a ƙarƙashin matashi.

Litinin da hantsi kafinta ya zo da mutanensa huɗu da sabon kwano yana ƙyalli a bayan mota. Mun riga mun fitar da kaya mun lulluɓe da tamfol. Na kafa wa Baba kujera a inuwar katangar maƙwabta, nesa da inda ƙusa za ta faɗo. Tun da safe ban ji muryarsa ta taga ba, na ɗauka gajiya ce. Ina shirin komawa in ɗora wa ma'aikata ruwan zafi ya kama bakin zanina.

"Kawo takarda da biro. Abin da ya rage a rubuta shi yau, kada a ce gobe."

Na yago takarda daga littafin da nake rubuta sunayen atamfa, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya kira sunan mahaifinsa, na rubuta. Ya kira na kakansa, na rubuta. Ya kira na uku. A saman gida aka soma zare ƙusoshi, kwanon farko ya yi wata doguwar ƙara aka zame shi ƙasa. Baba ya yi shiru. Na ɗauka ƙarar ce ta katse shi, na jira. Ya koma farko, ɗaya, biyu, uku. Ya sake komawa.

Shekara biyu ina jin sunaye huɗun nan ana maimaita su kowace safiya, sun zauna a kaina ba da nufina ba. Na faɗi na huɗun a hankali.

Ya karkato da kunne. "Wane ne wannan?"

"Kakan kakanka ne, Baba. Kai kake faɗa kullum, bayan na ukun."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya maimaita sunan sau biyu kamar yana ɗanɗana abincin da bai saba ba. "To rubuta, tunda ke kin ji." Na rubuta. Sai na ga ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske, ya lalubo kafaɗata ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Ashe kina saurare! To na biyar fa, Uwata? Tun kina yarinya nake faɗa, a gabanki. Na biyar."

Na rufe ido na nema. Na ga tagar, na ga buzun, na ji muryarsa ta ƙuruciya tana hawa tana sauka, har na san inda yake jan numfashi tsakanin suna da suna. Kalmar ce kawai babu.

"Ban riƙe ba, Baba."

Hannunsa ya daɗe a kafaɗata kafin ya sauke. Aka zame kwano na biyu, rana ta faɗa cikin ɗakinsa har kan gado.

"To karanta mini huɗun," ya ce. "A hankali, in bi ki."